Kurakuran da aka fi yi wajen kula da furen buromiliyad a gida

Buromiliyad dangin abarba ne, duk wanda ya dubi yadda ganyensa ke fitowa a kewaye zai shaida haka. Nau'o'insa sun haura 3,000, kusan dukansu daga yankunan zafi na nahiyar Amurka, in ban da ɗaya tak, Pitcairnia feliciana, da ke fitowa a ƙasar Gini. Waɗanda aka fi ajiyewa a ɗaki, wato Guzmania da Vriesea da Aechmea, akasarinsu a kan rassan bishiyoyi suke rayuwa a daji. Ba irin kauci ba ne, ba sa tsotsar komai daga jikin bishiyar. Saiwarsu ta riƙo ce, ruwa da abinci kuwa yawanci ta ganye suke sha. Mantawa da wannan shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi musu.

Tun daga wajen saye ake fara kuskure. Mutum ya ga wanda ya fi kowanne buɗewa, jansa ya cika ido, sai ya ɗauka, alhali wannan ya riga ya ci rabin kwanakinsa. Abin nan ja ko rawaya ko ruwan hoda da ke tsakiya, wasu ganyaye ne masu launi da ke kare furen. Furen na ainihi ƙanana ne, suna leƙowa daga tsakaninsu su bushe cikin 'yan kwanaki. Ka zaɓi wanda kansa bai gama buɗewa ba, babu busassun furanni a jiki. Sannan ka ɗan ja ganyen tsakiya a hankali, ka sunsuna cibiyar. In ganyen ya zare, ko ka ji wari, ruɓa ta shiga, bar shi.

Kuskuren da ya fi kashe shi shi ne ruwa a ƙasa. Ana kawo shi gida a sauya masa babbar tukunya cike da ƙasar lambu, a riƙa kwarara ruwa kullum don ƙauna. Saiwar da ta saba da iska sai ta shaƙe, gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ganyen ƙasa su fara faɗuwa. Tukunya ƙarama mai faɗin santimita 10 zuwa 15 ta ishe shi, muddin tana da huda a ƙasa. A cika ta da abin da ruwa ke wucewa nan take: gutsattsarin ɓawon itace, ɓawon kwakwa, ɗan gawayi. Kada a binne gindin da zurfi. In yana tangal-tangal, a tokare shi da tsinke har saiwa ta kama. Ba a sake jiƙa tukunyar sai an tura yatsa an ji saman ya bushe.

Wurin zuba ruwa shi ne ƙoƙon da ganyen suka yi a tsakiya. Nan ma akwai sakaci: a cika shi a manta wata guda, ruwan ya yi yauƙi ya fara wari, sauro ya samu wurin yin ƙwai. Duk mako ɗaya ko biyu a karkata tukunyar a zubar da tsohon ruwan, a sa sabo, kamar rubu'i zuwa rabin ƙoƙon. Ruwan sama ya fi, domin ruwa mai gishiri-gishiri yana barin farin dabbare a ganye, ya ƙone bakinsu. Idan ɗakin na da sanyi ko ƙarancin haske, a rage ruwan ƙoƙon sosai, don a irin wannan yanayi ne cibiya ke ruɓewa.

Batun haske ganyen ne zai gaya maka. Mai laushi, kore shar, kamar Guzmania da Vriesea, yana son haske daga bayan labule, ranar tsaka kuwa tana yi masa tabon ƙuna da ba ya gogewa. Mai kauri da ƙaya-ƙaya da farin gari a jiki, irin Aechmea fasciata, ya fi jure haske mai ƙarfi. Wannan farin garin fa ba ƙura ba ne, ta nan yake shan ruwa, don haka kada a goge shi ko a shafa masa mai don ya yi sheƙi. Ganye ya yi tsawo ya yi lagwas, haske ya yi kaɗan ke nan, a matsar da shi kusa da taga. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyos, kuma iskar na'urar sanyaya ɗaki tana busar masa da bakin ganye.

Taki kaɗan yake so: rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata lokacin da yake girma, kuma kada a jefa ƙwayar taki cikin ƙoƙon. Duk wani maganin feshi mai ɗauke da sinadarin tagulla guba ne a gare shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake jefar da shi da zarar launin ya dusashe. Kowace uwa sau ɗaya take fure a rayuwarta. Bayan watannin da kan ya yi yana ado, zai koma ruwan ƙasa, uwar ta fara ja da baya sannu a hankali, kuma ba laifin kowa ba ne. A yanke busasshen kan da wuƙa mai tsabta, a ci gaba da ba ta ruwa. Ka duba gindinta, za ka ga 'ya'ya suna tsirowa tsakanin ganyen ƙasa. Masu gaggawa kan cire su tun suna ƙanana su mutu a banza. A bari sai ɗan ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin girman uwar, a yanke shi dab da jikinta, a bar yankan ya sha iska kwana ɗaya, sannan a dasa.

Ɗan kan ɗauki shekara 1 zuwa 3 kafin ya yi nasa furen. In ya gama girma ya ƙi, a zubar da ruwan ƙoƙonsa, a sa shi cikin babbar leda tare da nunanniyar tuffa, a ɗaure a ajiye a inuwa kwana 7 zuwa 10. Iskar etilin da tuffar ke fitarwa ce ke tayar da furen, yakan fara leƙowa bayan mako 6 zuwa 14. Wanda bai gama girma ba kada a yi masa haka, domin ɗan ƙaramin kai zai fitar, kuma ba zai ƙara yin wani ba.