Yadda Ake Haɗa Tebura Uku a SQL Idan Wasu Mahaɗai Babu Komai a Cikinsu

SQL harshe ne da ake amfani da shi wajen neman bayanai daga teburan rumbun bayanai. A ɗauka akwai teburan dalibai, azuzuwa da malamai, kuma wasu ɗaliban ba a ba su aji ba tukuna, wato gurbin aji_id ɗinsu (lambar da ke haɗa ɗalibi da ajinsa) NULL ne, ma'ana babu komai a cikinsa.

1. Fara da teburin da kake so dukkan layukansa su fito: FROM dalibai d. Harafin d gajeren suna ne na teburin dalibai, haka ma a na azuzuwa da m na malamai a ƙasa.

2. Haɗa na biyu da LEFT JOIN azuzuwa a ON a.id = d.aji_id. LEFT JOIN yana barin dukkan layukan teburin farko ko da ba su sami daidai a na biyu ba. Kada ka yi amfani da INNER JOIN, wanda ke fito da layukan da suka sami daidai kaɗai, domin NULL ba ya daidai da komai, har da wani NULL ɗin, saboda haka ɗalibin da ba shi da aji zai ɓace daga sakamakon ba tare da wani gargaɗi ba.

3. Tebur na uku ma sai da LEFT JOIN malamai m ON m.id = a.malami_id, domin INNER JOIN guda ɗaya a nan ya isa ya zubar da layukan da ka tsare a baya.

4. Sharaɗin da ya shafi azuzuwa ko malamai, sanya shi cikin ON, domin a WHERE yakan kore layukan NULL. Nan ne aka fi yin tuntuɓe.

5. Rubuta COALESCE(a.suna, 'babu aji') a cikin SELECT don a nuna 'babu aji' duk inda sunan aji yake NULL. Idan marasa ajin kaɗai kake nema, ƙara WHERE a.id IS NULL; a nan WHERE ya dace, domin layukan NULL ɗin ake nema.