Yadda Mai Raunin Maki da Tarihin Laifi Zai Nemi Gurbin Karatun Harhaɗa Magunguna

Mutumin da ya yi wasa da karatu a shekarunsa na farko a jami'a, kuma ya taɓa gurfana gaban alƙali har aka same shi da laifi, yakan ɗauka cewa ƙofar karatun harhaɗa magunguna ta rufe masa har abada. Sau da yawa ƙofar tana buɗe, amma akwai tsarin da ya kamata a bi wajen tunkararta, domin matsalolin nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Raunin maki abu ne da ake gyarawa da haƙuri da sabon karatu, shi kuwa tarihin laifi yana iya tare mutum a wani mataki da ke can gaba, bayan ya riga ya zuba shekaru da dukiya. Zan kafa bayanina a kan tsarin Amurka, inda ake karatun digirin harhaɗa magunguna da ake kira PharmD na shekara huɗu bayan darussan share fage, sannan in taɓo na Birtaniya inda ya dace.

Shawarata ta farko, wadda na fi ba ta muhimmanci a kan sauran, ita ce ka fara bincikenka daga hukumar da ke ba da lasisi kafin ka tuntuɓi kowace makaranta. Makaranta digiri kawai take bayarwa, hukumar harhaɗa magunguna ta jiha ce take ba da izinin aiki, kuma samun gurbi ba ya nufin hukumar ta amince da kai. A jihohi da dama ɗalibi yana buƙatar lasisin koyon aiki tun a farkon karatu, inda ake ɗaukar zanen yatsunsa a bincika tarihinsa. Bayan haka akwai horo a asibitoci da kantunan magani, wanda a shekarar ƙarshe kaɗai ba ya gaza awa 1,440, kuma kowane wurin horo yana da ikon ƙin karɓar ɗalibi idan bai gamsu da sakamakon binciken ba. Ɗalibin da aka ƙi karɓa a wuraren horo ba zai kammala digirin ba, ko da kuwa shi ne ke kan gaba a aji, kuma bashin karatun da ya ci yana nan a wuyansa.

Saboda haka ka je kotun da ta yi maka shari'a ka karɓi kwafin takardun hukuncin masu hatimi, ka zauna ka karanta su layi bayan layi. Mutane da yawa ba su san ainihin abin da ke rubuce a kansu ba. Wani yana tuna cewa lauyansa ya ce masa magana ta mutu, alhali takardar tana nuna cewa ya amsa laifi an yi masa sassauci. Ka tabbatar ko babban laifi ne ko ƙarami, da ranar hukuncin, da ko ka cika dukkan sharuɗɗan da aka gindaya maka, wato tara, aikin al'umma ko zaman sa ido. Da waɗannan takardu a hannu sai ka rubuta wa hukumar jihar da kake son yin karatu da aiki a cikinta. A jihar Texas, alal misali, doka ta ba mai niyyar shiga sana'a damar neman wasiƙar tantance tarihinsa daga hukumar tun kafin ya fara karatu. Inda babu irin wannan tsari, hukumar tana iya ƙin yin alkawari, amma za ka iya karanta dokokinta da hukunce-hukuncen da ta yanke a baya, kuma ganawa ɗaya da lauyan da ya ƙware a harkar lasisin ma'aikatan lafiya ta fi araha nesa ba kusa ba a kan kuɗin zangon karatu guda.

Irin laifin yana da tasiri ƙwarai, kuma a nan dole in faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci. Mai harhaɗa magunguna shi ne ke riƙe da makullin akwatin da ake ajiye ƙwayoyi masu ƙarfi irin su mofin, shi ne ke ƙirga su ɗaya bayan ɗaya yana sa hannu a littafi, don haka laifukan da suka shafi miyagun ƙwayoyi, sata, zamba ko jabun takardu su ne suka fi tayar wa hukumomi hankali. Ƙa'idar DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ta hana duk wurin da ke da rajista da ita ɗaukar ma'aikacin da zai riƙa taɓa irin waɗannan magunguna idan an taɓa samunsa da babban laifi da ya shafe su, sai dai idan wurin aikin da kansa ya nemi sassauci daga hukumar. Haka kuma, wanda aka samu da babban laifi na rarraba ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba ko na zamba a harkar lafiya, ana hana shi aiki a ƙarƙashin shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, wato Medicare da Medicaid, na aƙalla shekara biyar, kuma da wuya a sami kantin magani da zai ɗauki mutum a wannan hali. Ƙaramin laifi guda da aka aikata shekaru da dama da suka wuce, wanda ba a sake maimaita shi ba, lamarinsa ya fi sauƙi sosai. Abin da ake aunawa a kullum shi ne girman laifin, alaƙarsa da aikin, tsawon lokacin da ya shuɗe, da abin da mutum ya yi da rayuwarsa tun daga lokacin.

Idan dokar jiharka ta ba da damar share laifin daga kundin kotu ko rufe shi, ka nemi hakan da wuri, domin yana ɗaukar watanni. Sai dai kada ka ɗauka cewa sharewar ta ba ka damar amsawa da "a'a" a kowane fom, domin wasu hukumomin lasisi suna tambaya har game da abin da aka share. A Birtaniya ma haka abin yake, inda sana'ar harhaɗa magunguna take cikin waɗanda ba su amfana da cikakkiyar kariyar dokar gyaran hali ta 1974 ba, wato dokar da ke ba mutum damar daina bayyana tsohon laifi bayan wani lokaci, ana yi wa ɗaliban MPharm, wato digirin harhaɗa magunguna na can, binciken tarihin laifi mai zurfi irin wanda ake kira DBS, kuma GPhC, hukumar da ke kula da sana'ar a can, tana duba cancantar ɗabi'a kafin ta yi wa mutum rajista. Ka karanta tambayar da ke kan fom kalma bayan kalma, idan ka yi shakka ka tambayi lauya. Ɓoye laifi sabon laifi ne a idon makaranta, kuma ana iya janye gurbi ko a kori ɗalibi saboda ɓoyewar, ko da laifin asalin ƙarami ne wanda da an yafe shi.

Batun maki kuwa lissafi ne, kuma gara ka yi lissafin da kanka tun yanzu. Yawancin makarantun Amurka suna karɓar takardun nema ta manhajar PharmCAS, wadda ke buƙatar sakamako daga kowace makarantar gaba da sakandare da ka taɓa shiga, kuma tana lissafa darasin da ka faɗi tare da wanda ka sake, ba ta goge na farkon. Ka ɗauki misalin wanda ya tara kiredit 90, wato ma'aunin nauyin darussan da ya yi, da matsakaicin maki 2.4 cikin 4.0. Idan ya ƙara kiredit 30 ya ci kowane darasi da cikakken maki 4.0, matsakaicinsa zai tsaya a 2.8 ne kawai. Wannan adadi ba zai burge kowa ba, amma ya haye mafi ƙarancin makin da wasu makarantu ke nema, wanda galibi yake tsakanin 2.5 da 3.0, kuma abin da ya fi haka amfani shi ne kwamitin tantancewa zai ga shekara guda cif ta sabon karatu mai tsabta. Ka zaɓi darussan da suke nuna ƙarfinka a kimiyya, wato kemistiri na oganik, bayokemistiri, nazarin ƙwayoyin cuta, tsarin jiki da yadda yake aiki, da lissafin kalkulas. Kada ka cika jadawalinka da darussa masu sauƙi don ɗaga maki, domin ana fitar da makin kimiyya daban. Kada kuma ka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinka idan kana aiki, saboda faɗuwa ɗaya a wannan mataki tana rushe hujjarka gaba ɗaya. A da ana iya rufe raunin maki da babban sakamako a PCAT, jarrabawar shiga makarantun harhaɗa magunguna, amma an daina ta a watan Janairun 2024, don haka sababbin darussan ne za su yi maka magana. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne yawan masu neman gurbi ya ragu idan aka kwatanta da farkon shekarun 2010, alhali makarantun da ACPE, hukumar tantance ingancin wannan karatu, ta amince da su sun haura 130.

Aiki a matsayin mataimakin mai harhaɗa magunguna yana da amfani biyu gare ka. Yana ba ka gogewa da wasiƙar shaida daga ƙwararren da ya ga riƙon amanarka da idonsa, sannan a jihohin da ake yi wa mataimaka rajista, yana zama gwajin farko na yadda hukumar za ta kalli tarihinka. Ka sanar da wanda zai rubuta maka wasiƙar gaskiyar lamarin tun farko, domin shaidar wanda ya san abin da ya faru kuma ya tsaya maka ta fi nauyi.

Wurin bayani a kan fom yana buƙatar 'yan jimloli ne kawai. Ka faɗi shekarar, da laifin, da hukuncin, da cewa ka cika shi, da abin da ya canja. Mutum yana iya rubuta cewa a shekara kaza an same shi da laifin tuƙi cikin maye, ya biya tara, ya kammala shirin gyaran hali da kotu ta umarta, kuma tun daga nan yake aiki a wuri guda ba tare da wata matsala ba. Kada ka ɗora alhakin a kan abokai, 'yan sanda ko ƙuruciya, kada kuma ka mayar da dukan rubutun neman gurbinka labarin nadama, domin kwamitin yana son jin dalilin da ya sa kake son wannan sana'a. A lokacin ganawa ka shirya amsar da ba ta wuce minti ɗaya ba, ka faɗe ta cikin natsuwa, ka yi shiru ka jira tambaya ta gaba.

Ka kira ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta kafin ka biya kuɗin nema, ka tambaye su kai tsaye ko sun taɓa samar wa mai irin tarihinka wurin horo. Ka tura takardunka da wuri bayan an buɗe PharmCAS a watan Yuli, domin makarantu da yawa suna cike gurabe ne yayin da takardu ke shigowa. Idan ba a ɗauke ka ba, ka nemi a gaya maka abin da ya rage, ka gyara shi, ka dawo shekara mai zuwa. Idan kuma an ɗauke ka, ka adana takardun kotun, da wasiƙar hukumar, da bayanin da ka rubuta a cikin fayil guda, domin za a sake neman su lokacin lasisin koyon aiki, da wuraren horo, da lokacin neman izinin rubuta NAPLEX, wato jarrabawar samun lasisin aiki, kuma dole ne abin da ka faɗa a kowane mataki ya yi daidai da abin da ka faɗa a ranar farko.