Yadda ake ƙaga tatsuniyar kamun kifi mai zuƙi ta malle don yara

Ka fara da zaɓen ruwa na gaske. Kogin Matan Fada a Argungu ya fi sauƙi, domin dokar gasar kamun kifin da ake yi a can a fili take: ba a shiga ruwa sai an ba da alama, kayan aikin homa ce da gora, wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ya ci. Ka faɗi dokar tun farko, bayan "ga ta nan, ga ta nanku", don yaro ba zai gane an yi zamba ba in bai san ƙa'ida ba.

Masu gasa uku sun isa: Gizo mai wayo, Kura mai haɗama, da wani ƙaramin masunci mai bin doka.

Sai ƙaryar, kuma nan ne aikin yake. Kifin kaɗai za ka kambama, komai ya zauna yadda yake. Ka hau mataki uku. Tarwaɗar farko ta kai tsawon tabarma. Ta biyu gashin bakinta aka yi wa jaki linzami da shi. Na uku giwan ruwa ne da aka ja shi waje, ruwan kogin ya janye har kwale-kwale ya zauna a kan yashi. In ka fara da giwan ruwan, ba ka da inda za ka hau, dariya ta mutu. Bayan kowane mataki ka dakata, yara su ce "Kai, ƙarya ne!", kai kuma ka murtuke fuska. Mai ba da labari ba ya dariya.

Zambar ta zama abin da ido ke gani. Misali Gizo ya ɗura wa kifinsa tsakuwa. Kada Sarkin Ruwa, mai kula da kogin, ya yi wa'azi. Bari dabarar ta ci mai ita. A ɗaga kifin zuwa sikeli, ya yi atishawa, tsakuwa ta zubo a ƙafar Gizo. Ko ya zura hannu gorar wani da dare, ya damƙo minjirya.

Ga 'yan shekara 5 zuwa 8, minti 7 ya wadatar, da gajeren amshi sau uku. Kada jarumin ya zama yaron da ya faɗa ruwa mai zurfi shi kaɗai, yara na kwaikwayo. Da tsakuwa ta zube aka raba kifi, ka ce "ƙurunƙus kan kusu".