Dogon lens mai araha: kurakuran haske da ke ɓata mana hoton hawa

Wata shekara, washegarin Hawan Daushe, ɗan yayata ya shigo mini da kyamara a rataye, fuska a murtuke. Ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi dogon lens, irin siririn nan mai kama da bututu wanda aka rubuta 420-800mm a jikinsa, ya yini a Ƙofar Kudu yana ɗauka. Ya miƙo mini kyamarar ya ce, "Kawu, duba mini. Ni dai ina ganin an cuce ni."

Na duba. Rabin hotunan baƙi ƙirin, sauran kuma dawakai sun zama kamar hayaƙi. Na juya lens ɗin, na leƙa ta cikinsa a rana, babu tsagewa, babu gansakuka. Lafiyarsa ƙalau. Na ce masa ba wanda ya cuce shi, abin da ya saya ke nan aka ba shi, sai dai ba a gaya masa halin kayan ba.

Halin kuwa guda biyu ne. Wannan lens ba ya magana da kyamara, kuma mayunwacin haske ne. Kusan duk kuskuren da nake gani a wajen masu riƙe da shi daga nan yake tasowa.

Ka juya gindin lens ɗin da ya zo da kyamararka, za ka ga 'yan ƙananan ƙarafa masu ruwan zinariya. Ta nan yake sanar da kyamara tsawonsa da girman ƙofar haskensa, ta nan kuma take ba shi umarni. Waɗannan masu araha, ko 500mm f/8 ne, ko 420-800mm, ko 650-1300mm, ko da wane suna aka buga a jikinsu, Opteka ko Vivitar ko Samyang, ba su da ko ɗaya. Zoben ƙarfe ne kawai da ake kira T2 ake murɗa musu a gindi don su shiga bakin kyamara. Shi ya sa a wurin lambar f, wato lambar girman ƙofar haske, Canon take nuna F00, Nikon ta nuna F da 'yan layuka biyu. Mutum ya ga haka sai hankalinsa ya tashi, ya yi ta murza dabaran kyamara yana neman lambar ta canja. Ba za ta canja ba, kuma ba lalacewa ba ce. Kyamarar tana faɗa maka ne cewa ba ta san abin da ka ɗaura mata ba.

Ƙananan Nikon da suka cika hannun matasa a garin nan, irin su D3100 da D3200 da D5100, su ne suka fi wahalar da mutane. Idan ba a kan M ka ajiye su ba, wato inda kai kake saita komai da hannunka, za su ce babu lens, su ƙi ɗauka. A kan M ɗin ma mitar awon haske a kashe take, ba za ta ba ka ko alama ba. Canon ta fi sauƙin kai, tana awo a M da kuma Av, inda ita take zaɓar tsawon lokacin da haske zai shiga. Masu Sony da sauran kyamarori marasa madubi a ciki sai sun shiga saiti sun kunna izinin ɗauka ba tare da lens ba. Wannan gyaran minti ɗaya ne, ba sai an kai wa mai gyara ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na zuƙowa. Ɗan yayan nan nawa ya saita haskensa yana kan 420mm, hoton gwaji ya fito da kyau. Da ya hango laimar Sarki daga nesa sai ya ja bututun har ƙarshe, 800mm, ya ci gaba da dannawa bai taɓa komai ba. Daga nan ne baƙin ya fara. Rubutun da ke jikin lens ɗin, f/8.3-16, ba zaɓi ne aka ba ka ba kamar yadda da yawa suke ɗauka. Ma'anarsa a 420mm kana kan f/8.3, a 800mm kana kan f/16, ko ka so ko ka ƙi. Lambar f lissafi ce kawai: tsawon lens a raba da faɗin ramin da haske ke bi. Ramin nan kusan milimita 50 ne, ba ya ƙaruwa. Ka raba 420 da 50, ka raba 800 da 50, za ka ga inda lambobin suka fito. Kamar rijiya ce, bakinta ɗaya, amma iya zurfinta iya duhun ƙasanta. Daga f/8 zuwa f/16 mataki biyu ne, wato hasken da ke isa ciki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka duk lokacin da ka ja bututun zuwa ƙarshe, ka ninka ISO, wato lambar ƙarfin jin hasken kyamara, sau huɗu, daga 400 zuwa 1600. Ni shawarata ma kada ka ja shi. Ka tsaya tsakanin 420 da 500, ka yanke hoton a kwamfuta daga baya. Sau da yawa ya fi fitowa da kyau a kan wanda aka zuƙo har ƙarshe. Shi kuma ɗan ƙarin gilashin nan mai ninka tsawo biyu da ake haɗowa da shi cikin kwali, wani mataki biyun yake ci. Ka bar shi a gida.

Masu 500mm f/8 mai zobba biyu nasu kuskuren daban ne. Zobe ɗaya yana da lambobi daga 8 zuwa 32, ɗayan kuma sulɓi ne, wani lokaci da harafin O da C a jikinsa. Na farkon iyaka kawai yake sakawa, na biyun shi ne yake buɗe ƙofar ko ya rufe ta zuwa iyakar da ka saka. An yi haka ne don ka yi fokas ƙofa a buɗe, ido yana gani sosai, sannan ka murza na biyun ka rufe kafin ka danna. To sai mutum ya saka 16, ya lissafa haskensa a kan 16, ya manta bai murza na biyun ba. Hoto ya fito fari fat, rawuna da manyan riguna sun ƙone babu ko alamar aiki a jikinsu. Ko kuma akasin haka, ya bar ta a rufe tun ɗazu, yana leƙawa yana ganin duhu, yana zargin idonsa. Ka cire lens ɗin sau ɗaya a gida, ka leƙa ta gaba kana murza zobban, ka ga yadda ganyayyakin ƙarfen da ke cikin ƙofar ke tsukewa. Wanda ya gani da idonsa ba ya sake ruɗewa.

Akwai kuma wata magana da ke yawo cewa sai an tsuke ƙofa sosai hoto yake yin kaifi. Da ɗan gaskiya a ciki: daga f/8 zuwa f/11 waɗannan lens sukan ɗan gyaru, jan layi da shuɗin layin da ke bin gefen fararen kaya ya ragu. Amma daga f/16 zuwa sama, a kan ƙananan kyamarorinmu, haske da kansa yake bazuwa idan ya bi ta ƙaramin rami, hoton ya yi laushi ko'ina. Ga kuma ƙurar Kano. Duk wanda ya canja lens a waje lokacin hunturu akwai ƙura a kan sansar kyamararsa, wato farantin da haske ke sauka a kai, kuma a f/22 ko f/32 kowane ɗigo sai ya fito ɓaro-ɓaro a sararin sama kamar an yayyafa barkono. Ni ban ga abin da zai kai mutum wuce f/11 da wannan lens ba.

Idan naka gajere ne mai kauri, mai wani baƙin da'ira a tsakiyar gilashin gaba, to mai madubi ne. Ba shi da zoben ƙofa kwata-kwata, f/8 ko f/6.3 yake har abada, kuma da'irar nan tana tare wani ɓangare na haske, don haka ya fi lambarsa duhu kaɗan. Shata, wato labulen da ke buɗewa na ɗan lokaci haske ya shiga, da ISO kaɗai ne a hannunka.

Yanzu ga dawakan da suka zama hayaƙi. Da yaron ya ga hoto yana duhu, sai ya yi abin da kowa zai yi, ya rage saurin shata har 1/60 na daƙiƙa don haske ya shiga. Hasken ya shiga, hoton ya tafi. Dogon lens yana zuƙo rawar hannunka kamar yadda yake zuƙo doki. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shata kada ya gaza tsawon lens, kuma a ƙananan kyamarori sai ka ninka tsawon da 1.5 a Nikon da Sony, da 1.6 a Canon. Wato 500mm yana neman 1/800 ko sama idan a hannu ka riƙe, kuma waɗannan lens ba su da abin da ke kashe rawa. Dokin da ya taho a sukwane wajen jafi kuwa, ko a kan matokari mai ƙafa uku ka ɗora kyamara, sai 1/1000 zuwa sama yake tsayawa.

Mutanenmu suna tsoron ISO kamar wuta, saboda an ce yana kawo tsaki-tsaki a hoto. Yana kawowa. Amma hoto mai tsaki ana ganin fuskar mahayi, ana ganin adon linzami da kwalliyar 'yan lifidi, ana iya rage tsakin a kwamfuta. Hoton da ya yi rawa babu maganinsa. Na gwammace ISO 3200 da doki a tsaye cak a kan ISO 200 da inuwa.

To in mitar ba ta aiki, daga ina za a fara? Akwai lissafin da masu hoton da suka yi aiki da fim suka haddace: a rana tsaka mai ƙarfi, f/16 da ISO 100 suna tafiya da 1/100. Ka buɗe zuwa f/8 ya zama 1/400. Ka ɗaga ISO zuwa 400 ya zama 1/1600. Ga mafari nan na wasan ƙwallo da rana a filin Sani Abacha ko na safiyar Hawan Sallah: f/8, ISO 400, shata tsakanin 1/1000 da 1/1600. Ka ɗauki ɗaya ka duba ka gyara. Sai dai Hawan Daushe na yamma ne, bayan la'asar, kuma kafin a zo jafi rana ta yi ƙasa, kofatai sun tayar da ƙura, hayaƙin 'yan bindiga ya cakuɗe da ita. Haske yana raguwa kana tsaye ba ka lura ba, domin ido yana sabawa. Saitin da ya yi daidai da ƙarfe huɗu ba zai yi da ƙarfe shida ba. Ka riƙa dubawa duk bayan 'yan mintuna, kana ƙara ISO, kana barin shata a inda take. In ka kai iyakar abin da kyamararka ke iya ɗauka, ka cire dogon ka saka gajere.

Dubawar ma akwai yadda ake yinta. Allon bayan kyamara maƙaryaci ne a cikin hasken ranar Kano. Komai duhu yake nunawa, sai ka ƙara haske ka ƙona hoto. Ka kunna zanen tudun nan da ake kira histogiram. In tudun ya jingina da bangon dama har ya hau, fari ya ƙone. In ya takure a hagu, duhu ya yi yawa. Ka kunna kuma alamar da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. A hawa farin rawani shi ne ma'aunina: ina ƙara haske har ya fara ƙyaftawa, sannan in ja baya kaɗan.

Masu Canon da mitarsu ke aiki, kada su miƙa mata wuya gaba ɗaya. Mita tana son mayar da komai toka-toka. Ka nufi ayarin masu fararen kaya ko shaho a saman Dutsen Dala cikin hazo, sai ta rage haske, fari ya koma ruwan toka, tsuntsu ya zama baƙin tabo. Nan ƙarin mataki ɗaya ko fiye take bukata. Sannan idan ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku ka janye idonka, haske yana shiga ta ramin leƙawa ya ruɗe mitar, kuma da lens mai duhu irin wannan ruɗin ya fi yawa. 'Yar robar nan da ke maƙale a igiyar wuyan Canon, wadda yawancinmu ba mu san amfaninta ba, murfin ramin ce. Wanda kuma ya sayi zoben T2 mai 'yar na'ura da ke sa kyamara ta nuna lambar f, ya bar lambar a mafi ƙanƙantarta. In ya murza ta a jikin kyamara, za ta zaci ita za ta tsuke ƙofar, ta ƙara lokaci, hoto ya ƙone.

Wani dishi-dishin ba na haske ba ne, kada a ɗora masa laifi. A 500mm da f/8, idan abu yana nisan mita 20, kusan rabin mita ne kawai yake fitowa tangaran. Doki ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, sai ka zaɓa, kan dokin ko fuskar mahayi. Ni nakan yi fokas a wani wuri a ƙasa inda na san za su bi, in jira su shigo. Haka kuma wanda ya hau Gwauron Dutse da azahar a watan Afrilu yana son ɗauko hasumiyar Masallacin Juma'a, zafin da ke tashi daga rufin kwano zai sa komai ya yi ta rawa kamar a cikin ruwa. Babu saitin da ke gyara wannan, sai sammako.

Yawancin masu sayen lens ɗin nan da ɗaukar hoton farin wata suke fara gwada shi, kuma sai ya fito farin ƙwallo babu komai a ciki, saboda duhun sama ya sa an ba shi lokaci mai tsawo. Wata dutse ne da rana ke haskawa, saitin rana yake so. Daren sha huɗu ka gwada f/8, ISO 400, 1/800, za ka ga tabbansa. Jinjirin wata ya fi haka neman haske sosai. Masu fita nemansa a ƙarshen Sha'aban, ina roƙonku, kada ku ɗora ido a kyamarar sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Wannan bututun yana tara hasken rana wuri ɗaya kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi, kuma leƙe ɗaya ya isa ya lalata ido.