Yadda ake fitar da ado a jikin riga da Clorox

Kafin ki buɗe jarkar Clorox, wato ruwan bilic mai cire launin tufafi, duba 'yar takardar da ke wuyan rigar. Auduga zalla ce ta fi karɓar wannan aiki. Galibin baƙaƙen abayoyin kasuwannin Jidda da Makka yadin roba ne, ko kin wuni kina fesawa launinsu ba zai motsa ba. Alharini da ulu kuwa cinye su yake yi har su huje. Kuma baƙar auduga ba ta komawa fara, ruwan ƙasa ko ruwan goro take bayarwa, don haka ɗiga kaɗan a cikin kalmasa ki ga abin da zai fito.

Haɗa kofi 1 na Clorox da kofi 1 na ruwa a kwalbar feshi ta roba. Tsuran Clorox yana raunana zare, sai bayan wanki biyu ko uku ki ga ƙananan huji. Sa kwali a cikin rigar don kada ya ratsa zuwa baya. Ɗora ganye, guntun leshi, ko takarda mai gam da kika yanke fure a jikinta, ki danne gefunan sosai. Fesa daga nesa, kamar tsawon kamu ɗaya, sama-sama, sannan ki tsane saman takardar da tsumma kafin ki ɗaga ta. Jiƙa yadin sharkaf shi ke sa ruwan ya bi ta ƙarƙashi ya dagula zanen. In da burushi za ki zana, nemi mai gashin roba.

Minti 5 zuwa 10 ya isa. A zafin Makka feshin kan bushe kafin ya gama aiki, saboda haka yi da sassafe, a inuwa, a saman bene ko tsakar gida. Kada ki yi a ɗakin da aka rufe aka kunna na'urar sanyaya ɗaki. Sa safar hannu.

Da launin ya yi miki, ɗauraye da ruwan sanyi mai yawa. Sai ki tsoma rigar minti 10 a ruwan oksijin (hydrogen peroxide) na saidaliyya, wato kantin magani, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, awo 1 a cikin awo 10 na ruwa. Shi ke tsayar da cin zaren. Kar ki kuskura ki sa khal (vinegar), ko ki bari Flash na wanke bayi ya haɗu da Clorox: iskar da ke tashi guba ce mai ƙona huhu. Wanke rigar ita kaɗai da sabulu, ki shanya.