Waya mai murɗe kamar sifirin: inda za ka same ta a Zariya, da yadda za ka murɗa taka in ta gagara

Ƙanina ne ya ja min wannan yawon. Ya haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da tsohon firji, sai ya maƙala fanka da sensar zafi da 'yar fitila duk a jikin ƙofa, batir da allon da ke sarrafa komai kuma suna baya. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma kusan duk kwanakin nan sai an buɗe an juya shi sau uku ko fiye a rana, toh ita waya miƙaƙƙiya da ya ratsa ta wajen maƙalin ƙofar kullum a wuri ɗaya take lanƙwasa, ba a je ko'ina ba ta karye ta ciki alhali robar waje lafiyarta lau, fanka ta tsaya cikin dare ba wanda ya sani. Ƙwan dai ba sai na faɗa ba. Shi ne muka ce a nemo waya irin ta kan tsohon tarho, wadda in ka ja ta miƙe in ka saki ta koma.

Abin da na fara koya shi ne in ka shiga kasuwar Sabon Gari kana tambayar wannan wayar da sunanta, wahala kawai za ka sha. Shago wajen biyar na shiga layin masu kayan wuta, wani ya miƙo min robar da ake naɗe wayoyi a ciki, wani ya ce "Oga ba a yin wannan yanzu", wani kuma bai ma ɗago kai ba. Ba laifinsu ba ne, su wayar gida suke sayarwa, mai kaurin 1.5 da 2.5mm² da mai laushi ta soket. Ita mai murɗen ba kasafai ake sayar da ita ita kaɗai a nan ba, a jikin wani abu take zuwa. Don haka abin da za ka nema shi ne na'urar da ke ɗauke da ita, ko da matacciya ce, ma fi kyau matacciyar don ta fi araha. Kuma ka sa hotonta a wayarka, nuna hoto ya fi dogon bayani.

Amma kafin ka hau keke napep ka zauna ka yi lissafi biyu. Na farko silin waya nawa kake so a ciki. Mu fanka biyu, fitila biyu, sensa uku, bakwai kenan, da muka haɗe negetif na fanka da na fitila ya dawo shida. Na sensa ka bar mata nata daban kar fanka ta riƙa rikita mata karatu. Na biyu wuta nawa za ta bi ciki, wannan shi ne wanda mutane ke tsallakewa. Duba takardar da ke bayan fankar, irin ta kwamfuta mai bolt 12 yawanci 0.15A zuwa 0.3A za ka gani, A ɗin nan amfiya ce, ma'aunin yawan wutar da take ja. Kuma ka tuna waya mai murɗe tana ɓoye tsawonta, wadda ka gani kamar taku ɗaya in aka warware ta sai ta kai mita uku, wutar kuma sai ta je ta dawo, mita shida kenan. Siririyar waya irin ta cikin kebul ɗin USB mai araha, wadda aka rubuta wa 28AWG, wato lambar kaurin silinta, kowace mita tana da turjiyar wuta ta kusan om 0.2, to a mita shida in ka ja 1A ka yi asarar fiye da bolt ɗaya a hanya. A bolt 12 da sauƙi, a bolt 5 kuwa aiki ya lalace. Wannan na daga cikin dalilan da cajar mota mai murɗe take cajin waya kamar ba ta so.

Toh yanzu ina ake samu.

Wadda kowa ke fara tunawa ita ce ta kan tarho. Tun da GSM ya shigo a 2001 layin NITEL ya fara mutuwa, amma kawunan tarhon suna nan a sito na ofisoshi da gidajen tsofaffin ma'aikata, otal-otal kuma har yanzu suna amfani da na kiran ɗaki zuwa ɗaki, saboda haka masu sayar da kayan intakwam da kyamarar tsaro wajen PZ su za ka fara tambaya. Sili huɗu ne a ciki, biyu na kunne biyu na baki. Sai dai a nan tarkon yake. Na yanke ɗaya da murnata, na fere robar, sai na ga abin da ke ciki ba waya ba ce kamar yadda muka saba, zare ne aka naɗa masa wani siririn jan ƙarfe kamar gashi, kana kai masa ayan ɗin narka dalma zaren ya ƙone, dalma ta ƙi kamawa, in ma ta kama ka ɗan ja ta tsinke. An yi ta haka ne da gangan don ta jure lanƙwasa na shekaru, magana take ɗauka ba wutar fanka ba. In aikinka maɓalli ne ko ƙaramar fitila ɗaya ko sensa, ta isa, amma kar ka yanke kan. Sayi tarhon gaba ɗaya, ka cire ramukan nan biyu da wayar ke shiga, ɗaya a gindin abin riƙewa ɗaya a jikin tarhon, su suna da ƙafafu ko wayoyi da dalma ke kamawa, sai ka riƙa soka wayar kana zarewa yadda kake so. Ka gwada da mitar gwajin wuta tukuna, don jerin silin a wancan kan juye yake da na wannan kan.

In huɗu kake so kuma masu kama dalma, tsohon kibod na kwamfutar tebur, irin mai zagayen kai da aka yi yayi kafin USB, da yawansu wayarsu a murɗe take, ciki akwai ta bolt 5, ta negetif, da biyu na saƙo. Masu gyaran kwamfuta na Samaru da wajen Kongo ka ce su duba maka ƙarƙashin tebur, wani ma kyauta zai ba ka don ya gaji da ganinsa. Akwai kuma kebul ɗin USB mai murɗe, ja da baƙa na wuta, fara da koriya na saƙo, amma wasu na caji ne kawai sili biyu za ka tarar. Na cajar mota da na injin aski su ma yawanci biyu ne.

Daga shida zuwa takwas ne abin ya fara wuya. Makirfon na rediyon oba-oba da ake dasawa a mota, mai kai irin na wayar intanet, shi ke zuwa da shida ko takwas, wayar kuma tana da ƙarfi don an yi ta ne a riƙa fizga. Na oba-oba na hannu irin su Baofeng uku ne ko huɗu. Wannan sai wajen masu gyaran rediyo da masu kayan tsaro, kuma gaskiya sa'a ce.

Mai sili bakwai da kauri sosai kuwa a bayan tirela take. In ka tsaya Kwangila ko Ɗan Magaji ka lura da tsakanin kan mota da bodi za ka ga igiyoyi masu murɗe suna lilo. Ja da rawaya ɗin nan ba waya ba ce, tiyon iska ne na birki, kar a sayar maka. Ta wutar yawanci baƙa ce mai ƙaton kai, ita ke kai bolt 24 zuwa fitilun baya da sigina. Masu wayarin ɗin manyan motoci suna da tsofaffi da kan ya lalace, a Mararrabar Jos ma haka in hanya ta bi da kai. Tana ɗaukar wuta da kyau, amma nauyinta da ƙarfin sifirin ɗinta sai su ja ƙofar firji su rufe maka ita a hannu, ta get ce mai turawa ko abin da ya yi kama da haka.

'Yan gwangwan kar ka raina su, kusan duk abin da na lissafa wajensu yake ƙarewa. Matsalar ɗaya, su kofa, wato jan ƙarfe, suke nema, waya tana zuwa suke yanke ta ko su ƙone robar. Sai ka je ka gaisa da mai wajen, ka nuna hoton ka ce "Maigida don Allah in irin wannan ta shigo a ajiye min kar a yanka", ka bar ɗan wani abu. Wanda ni na je wajensa ya kira ni bayan sati biyu da tarho uku da kibod ɗaya.

In lallai sabuwa kake so, France Road a Kano ko Panteka a Kaduna ko ka aika Alaba a Legas, ko kuma Jiji da AliExpress, ka rubuta spiral cable 6 core, ka canza lambar zuwa yawan silin da kake so. Ka kula da tsawo biyu da suke rubutawa, na lokacin da take naɗe da na lokacin da aka ja ta, mai kyau tana miƙewa kamar ninki uku. Wadda aka rubuta wa PU ko PUR, wato irin robar jikinta, ta fi ta PVC komawa yadda take, ta PVC da daɗewa sai ta saki jiki. Ta Chana kuma ka shirya jiran makonni.

Ko a ina ka samo, gwaji uku kafin ka biya ko kafin ka haɗa. Sa mitar gwajin a kan ƙara, inda take kuka in sili bai yanke ba, ka bi sili ɗaya-ɗaya, kuma wani ya riƙa ja yana saki lokacin da kake gwadawa, don wadda ta karye ta ciki tana iya yin ƙara in tana kwance ta ɗauke in an ja. Sannan ka gwada tsakanin sili da sili kar a ce suna taɓa juna. Na uku ka fere bakin ka kai masa mayen ƙarfe, in ya kama to ƙarfe ne aka yi wa wankan kofa, in kuma ka kankare ka ga fari a ciki ko ka sa laita ya lanƙwashe ya zube, alminiyam ne, shi kuwa ba ya jure lanƙwasa.

Mu dai ƙarshe da kanmu muka murɗa, kuma shi nake ba kowa shawara in aikin na batir ne. Mun sayi wayar alam mai sili takwas wajen masu kyamarar tsaro, kowane sili kaurinsa 0.22mm² ne kuma a cikinsa akwai ƙananan silla bakwai, wannan shi ne sharaɗin, dole ta zama mai silli-silli. Wayar intanet da ake ja a bango ita ma takwas ce amma kowane sili tsinke ɗaya ne, za ta murɗu da kyau ta burge ka sannan ta karye. Shida muke so, rarar biyun muka ruɓanya wa fanka.

Lissafin tsawo ba wuya. Kaurin wayar kamar milimita 5, muna son murɗe mai tsawon santimita 30, zagaye 60 kenan. A kan sanda mai kaurin milimita 10 kowane zagaye yana cin kusan milimita 47, sau 60 ya ba ka mita 2.8, ka ƙara jela ta kowane gefe, mita huɗu ta isa, in da yadi ake awo ka ce biyar. Sandar ta zama mai santsi, sandar labule siririya ko bututun ƙarfe, rodin gini zai bar mata zane. Ka ɗaure farkon da kebul tai, ka naɗa a matse zagaye na manne da zagaye ba rata, kana juya sandar ba wayar ba, ka ɗaure ƙarshen. Sai ka tafasa ruwa a doguwar tukunya ko tire mai zurfi ka nutsa murɗen kamar minti 15, jelar biyu suna waje kar ruwa ya shiga ciki. Wasu da diraya ta gashi suke yi ko injin hura zafi na masu gyaran waya, yana yi amma in ka tsaya wuri ɗaya robar za ta narke silin su haɗe, ruwa ya fi don ba ya wuce digiri 100. Daga nan kai tsaye cikin ruwan sanyi, mu ƙanƙara muka saya muka fasa a bokiti, ka bar ta ta huce sarai kafin ka kwance, in za ka iya barinta ta kwana a sandar ma ya fi.

Saura abu ɗaya da shi ne sirrin, kuma da farko mun tsallake shi wayar ta fito laɓo-laɓo kamar taliyar da ta kwana. Bayan ka zare ta sai ka juya murɗen baibai, ka kama zagayen farko ka juya shi ya koma ɗaya hannun, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kamar yadda wayar tarho ke yi in ta harɗe. Kana gamawa za ka ga zagayen sun matse juna da kansu, ka ja ka saki ta koma tsaf.

Duk wannan maganar batir ce, bolt 5 ko 12 ko 24. Wutar NEPA 230 ce, kar ka yarda ka bi da ita ta wayar tarho ko ta alam ko wadda ka dafa a tukunya. In ƙwan fitilar dumama na wutar gida ne a bar shi a jikin firjin da wayarsa daban, ko ka sayi mai murɗe da aka yi don haka, sili uku, ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai rawaya, kauri 0.75mm² zuwa sama, ita 0.75 kusan 6A take ɗauka, kuma waya a naɗe ta fi riƙe zafi. Ko a batir ɗin ma ka sa fis ƙarami kusa da kansa, batirin mota in waya ta haɗe jan wuta take yi.

Wajen dasawa ka ɗaure jelar kowane gefe da kilif ko kebul tai a jikin ƙarfe, yadda in an ja robar ce ke ɗaukar nauyin ba wurin dalma ba, kuma ka auna yadda ko an wangale ƙofar gaba ɗaya murɗen bai miƙe duka ba. Tamu bayan 'yan watanni ta ɗan saki saboda ɗumin firjin, ƙanina ya cire ta ya mayar kan sandar labulen ya sake tafasa ruwa.