Kurakuran da aka fi yi wajen ƙara wa ƙaramar motar daji kaya, da yadda ake gyara su

Ƙaramar motar daji mai kujeru a jere, wadda kamfanoni ke kira UTV ko SSV, an ƙera ta ne don gona da rairayi da hanyar da babbar mota ba ta iya bi. Kawasaki ya fito da Mule a 1988, Polaris ya kawo Ranger a ƙarshen shekarun 1990, yau kuma akwai Can-Am Defender da Honda Pioneer da Kubota RTV da CFMoto na ƙasar Sin. Ba su da yawa a Maradi idan aka kwatanta da babur da kat-kat, amma duk wanda ya mallaki ɗaya, ko don zirga-zirgar lambu a Jiratawa ko don kai dusa da gishiri garke a arewacin Dakoro, da wuya ya bar ta yadda ta zo. Yana ganin hotunan irinta a intanet an ɗaga su sama, an sa musu manyan tayoyi da fitilu, sai ya so tasa ta zama haka. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne kowane ƙarfe na wannan mota an auna shi da na kusa da shi, kuma yawancin waɗancan motocin an shirya su ne don taɓo da duwatsun Amurka, alhali abin da ke cin mota a nan ƙura ce da zafi da rairayi da ƙaya, ga kuma nisan wurin da ake samo kayan gyara.

Taya ce abin da aka fi fara taɓawa, ita ce kuma ta fi jawo asara. Motar aiki takan zo da taya mai tsawon inci 25 zuwa 27, sai mai ita ya sayo ta inci 30 ko 32 don cikin motar ya daina gogar ƙasa. Daga inci 26 zuwa 30 an ƙara wa taya kusan kashi 15 cikin ɗari, ma'ana a kowane juyi motar tana cin ƙasa fiye da dā, injin kuma yana jin kamar an tashe shi da babbar giya. Ƙarfin ja yana raguwa, birki yana ƙara nisa kafin ya tsayar, agogon gudu yana nuna ƙasa da gudun da ake yi, nauyin tayar kuma yana sauka a kan boris da sitiyari da kardan, wato sandar ƙarfen da ke juya taya. Wanda ya riga ya sa irin wannan taya, gyaransa shi ne ya sauya sifirin da ƴan ƙarafan nauyi na cikin kuloci da waɗanda aka yi don wannan girman, domin bel ɗin robar da ke ɗaukar ƙarfin injin ya riƙa kamawa a daidai juyin injin da ya dace. Wanda bai sa ba tukuna, ina ganin ƙarin inci ɗaya ko biyu ya ishe shi, sauran kuɗin ya sa su a ƙwarin tayar. A ƙasarmu ƙayar aduwa da ta bagaruwa da kututturen gero bayan girbi su ne ke tsayar da mutum a hanya, saboda haka taya mai ninki 8 ta fi mai ninki 4 ko 6 amfani, musamman idan an zuba mata ruwan nan mai toshe huda. Taya mai manyan haƙora ta taɓo kuwa, a rairayin jigawa haƙa take yi tana binne kanta.

Akwai kuma kuskuren da ake yi a wurin mai faci. Ya saba da tayar mota, sai ya cika wannan da iska kamar ta tasi, alhali yawancin waɗannan motoci iskarsu tana tsakanin bar 0.7 da 1.2, kuma an rubuta adadin a jikin motar. Taya mai iska da yawa tana tsalle, tana nutsewa a rairayi, ƙaya kuma ta fi saurin shigarta. A sayi ƙaramin ma'aunin iska mai karanta ƙananan lambobi a ajiye a mota, a tsaya a kan mai faci har ya gama.

Daga taya sai bel, domin a kansa laifin taya ke ƙarewa. Yawancin motocin nan ba su da giya irin ta mota, bel ɗin roba ne ke gudana tsakanin kuloci biyu yana sauya ƙarfi da gudu da kansa. Honda Pioneer da yawancin samfuran Kubota RTV suna cikin ƙalilan da ba su bi wannan tsari ba. Zafi ne ke kashe bel, zafin kuma daga zamewa yake zuwa. Direban da ya ɗauki kaya ya shiga rairayi mai zurfi a babbar giya, wato H, yana taka mai motar tana jan jiki, bel ɗinsa yana zamewa yana ƙonewa ko da bai ji wari ba. Idan ya tsinke sai a ce bel ɗin jabu ne, a nemo wani mai tsada, shi ma ya bi sahu. Maganin ba ya cin ko dala: duk lokacin da ake tafiyar da ba ta wuce kimanin kilomita 15 a awa ba, ko ana jan tirela, ko ana hawan tudu da kaya, ko an kafe ana ƙoƙarin fita, a sa ƙaramar giya, wato L. Sabon bel kuma a wanke shi da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe, a goge fuskar kuloci, sannan a yi tafiyar kilomita 50 zuwa 80 a hankali ba tare da lodi ba kafin a sake masa aiki. Tsohon da aka cire, idan bai tsage ba, a ajiye shi a ƙarƙashin kujera tare da sufanun buɗe murfin akwatin bel.

Ɗaga motar sama da ƙarafan ƙari shi ne na biyu a farin jini. Inci biyu da aka ɗaga suna karkatar da kardan fiye da yadda aka tsara, robar da ke rufe gaɓarsa ta riƙa tsagewa, giris ya fita, rairayi ya shiga, ba da jimawa ba a fara jin ƙas-ƙas idan an karya kwana. Abin da ya fi wannan muni shi ne nauyin motar ya koma sama, ita kuwa dama siririya ce mai tsayi. Wannan ba zato ba ne. A 2009, bayan haɗurran kifewa da suka yi sanadin rayuka a Amurka, kamfanin Yamaha ya yi wa motocinsa samfurin Rhino gyara kyauta, inda ya ƙara faɗin tsakanin tayoyin baya ya kuma sa ƙofofi. Kamfani ya ƙara faɗi don mota ta zauna, mu kuma muna ƙara tsayi ba tare da faɗi ba. Idan cikin motar ne ake jin tsoro, a fara sa masa faranti mai kauri na kariya daga gaba har baya, a ɗaure sifirin shokazoba gwargwadon kayan da ake ɗauka. Idan ɗagawar ta zama dole, kada ta wuce inci biyu, a haɗa ta da rim mai fitar da taya waje kaɗan, a kuma riƙa duba robar kardan duk mako.

Masu waldarmu gwanaye ne, kuma rufi na inuwa ya zama wajibi a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Amma ƙarafan da suka kewaye kujeru ba ginshiƙan rumfa ba ne, su ne ke hana mota danne mutum idan ta kife. Huda su da injin huji ko ɗora musu walda yana raunana su a daidai wurin da aka taɓa. Rufi da madubi da fitila duka a ɗaure su da maƙalai masu noti waɗanda ke rungumar ƙarfen. Kada a yi wa rufin wurin ɗora buhuna ko jarkokin ruwa, domin kilo 50 a sama ya fi kilo 100 a akwatin baya haɗari. Shi ma akwatin yana da iyaka: manyan motocin aiki irin Ranger kimanin kilo 450 suke ɗauka, wato buhun gero huɗu da rabi na kilo 100, ƙananan kuma ba su kai haka ba. Ƙara wa akwatin tsawo ko bango ba ya ƙara wa birki da shokazoba ƙarfi. Kujerar katako da ake kafawa a baya don yara ko ƴan ƙwadago, wadda ba ta da ɗamara kuma ba ta cikin kariyar ƙarafan, ita ce ƙarin da nake roƙon kowa ya bari gaba ɗaya. Haka nan cire ƙofa ko raga don a sha iska, domin idan mota ta karkata mutum ƙafa yake fitarwa ba tare da ya sani ba.

Ƙura ita ce inda ya kamata kuɗin farko su tafi, amma ita aka fi mantawa, saboda matatar iska ba ta ƙawata mota. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura mai laushi, kuma a yawancin motocin nan injin yana ƙarƙashin kujera ko a baya, inda tayoyi ke tayar da ƙasa. Wasu suna cire matatar takarda ta asali su sa wadda aka ce tana ƙara wa inji numfashi. Tana barin iska ta wuce da yawa, tana kuma barin ƙura mai laushi ta bi ta, ƙurar ta haɗu da mai ta riƙa cin ringi da silinda har injin ya fara shan mai yana hayaƙi. Wasu kuma suna hure matatar da iskar kwamfuresa mai ƙarfi a garaji, takardar ta yi ƙananan hudoji da ido ba ya gani, a mayar da ita ana ganin ta yi fes. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Abin da ya dace shi ne a bar matata irin ta asali, a sa wa bakin shigar iska rigar tacewa ta waje ko na'urar da ke ware ƙura kafin ta kai ga matata, a ɗaga bakin sama idan da hali. A shafa giris kaɗan a leɓen matatar don ya zauna daram, kuma duk lokacin da aka buɗe a sa farin ƙyalle a shafi cikin bututun da ke bayanta: idan ƙyallen ya ɗauko ƙura, akwai inda take ɓullowa, sai an gano shi kafin a tashi motar. Matatar da ta cika a sauya ta, kuma a cikin hunturu a rage tazarar juyen mai ƙasa da abin da littafin motar ya faɗa, kamar yadda littafin da kansa yake umarta ga wuri mai ƙura.

Gilashin gaba yana da tasa matsalar. Idan aka rufe gaba aka bar baya a buɗe, iska tana juyowa ta bayan kujera ta jawo ƙura cikin motar fiye da lokacin da babu gilashin. A sa rabin gilashi, ko mai kafar iska a ƙasa, ko kuma a rufe bayan tare da gaban.

Lagireto yana gaba a ƙasa, inda ƙarangiya da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa ke toshe shi. Babban bamba na ƙarfe da fitila da injin jawo, wato mai naɗe igiyar ƙarfe don fitar da mota idan ta kafe, da aka jera a gabansa suna ƙara tare masa iska. A bar masa sarari, a riƙa wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, kuma kada a cika shi da ruwan rijiya, wanda ke barin gishiri a cikin ƙananan bututunsa. Ruwan lagireto na kanti shi ne nasa.

Wutar lantarkin motar ma ana ɗora mata abin da ba ta iyawa. Yawancin motocin nan ba su da altaneta irin ta mota, koyil ne a cikin injin yake ba da kimanin wat 500 zuwa 650 idan injin yana juyi sosai, kuma famfon mai da fanka da sitiyarin lantarki da fitilun asali sun riga sun ci babban kaso. Doguwar fitila mai wat 300 ita kaɗai tana jan amfiya 25, injin jawo kuwa idan yana cikin aiki mai nauyi yana iya wuce amfiya 200. Idan aka haɗa su da rediyo da lasifika, batir ba ya cika, sai a wayi gari a tsakiyar daji mota ta ƙi tashi. A lissafa wat ɗin kowane abu kafin a saya. Kowane ƙari ya samu nasa fiyus kusa da batir da nasa rile da waya mai kaurin da ya dace, kada a fere wayar asali a murɗa sabuwa a kai a naɗe da salatif, domin girgiza da ƙura suna kwance irin wannan haɗi, kwamfutar motar kuma ba ta jure taɓawar waya. Mai yawan amfani da injin jawo ya sa batir na biyu da na'urar raba caji, ya kuma bar injin mota yana aiki lokacin da yake ja.

Salansa mai ƙara da sauya lissafin kwamfutar injin ba su da wani alheri ga motar aiki a nan. Salansar da aka buɗe tana sa injin ya samu iska fiye da mai, zafinsa ya ƙaru, kuma lissafin ƙarin ƙarfi yana buƙatar fetur mai inganci, wanda man kwalba na bakin hanya ba ya ba da tabbacinsa. A cikin salansar asali akwai ragar da ke tare tartsatsi. Cire ta a ƙasar da ciyawa ke bushewa tun Oktoba yana iya tayar da wutar daji a makiyayar da dabbobin jama'a suka dogara da ita har damina. A bar ragar, a riƙa tsabtace ta, a kuma cire ciyawar da ke taruwa kusa da salansa bayan kowace tafiya.

Masu ɗaga bututun iska don ƙetare ruwa da damina sukan ɗaga na injin su manta da na akwatin bel, wanda shi ma yana da mashiga da mafita, da ƙananan bututun numfashi na akwatin giya. Ruwa ya shiga, bel ya zame, man giya ya koma fari kamar madara. Ko an ɗaga duka, Gulbin Maradi idan ya kawo a Agusta ba wurin shiga da ƙaramar mota ba ne. A zagaya ta gada. Idan bel ya jiƙe a ƙaramin kwazazzabo, a buɗe notin zubar da ruwa da ke ƙasan murfin, a sa giya a furi a ɗan taka mai har ya bushe.

Tunda yawancin kayan nan sai an yi odarsu daga waje ko an nemo su ta Kano ko Yamai, a aika da lambar shasi da shekarar motar, domin samfuri ɗaya yana sauya bel da kardan daga shekara zuwa shekara. A sa ƙari ɗaya a lokaci guda, a yi kwanaki ana aiki da shi kafin a sa na gaba, ta yadda idan wata ƙara ta ɓullo za a san daga ina take. Bayan tafiyar farko a sake bin notocin taya da na duk abin da aka ɗaura da sufana, kuma kayan asali da aka cire a adana su a wuri mai inuwa, domin ranar da na ƙarin ya karye su ne za su mayar da motar bakin aiki kafin oda ta iso.